Sarƙa ko Bel: Me Ya Kai Fijo 504 Ƙasa?

Wani mai karatu daga Gwiwa, tsohon direban haya a hanyar Kazaure zuwa Kano, ya aiko da tambayar da ya ce ta raba kan direbobi a tasharsu. Dattawa na cewa ba a taɓa yin inji kamar na Peugeot 504 ba, domin tayimin ɗinsa sarƙa ce ta ƙarfe. Samari kuwa na cewa ai wannan tsohon yayin ne ya kashe ta, motoci masu bel suka zo suka ture ta. Ya ce a raba gardama.

Kafin hukunci, sai mu leƙa cikin injin. Akwai sanduna biyu da dole su yi tafiya tare: karanshaf, wanda fistin ke juyawa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi, shi ya sa haƙoran sufuroket ɗinsa suka ninka na ɗan'uwansa. Abin da ke haɗa su, ko sarƙa ko bel ko giya, shi ne tayimin. Haƙori ɗaya ya tsallake, mota ta rasa ƙarfi ta kama tari. In ya tsinke, a injuna da yawa fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su.

Sarƙar ta girmi yawancin kamfanonin mota. Hans Renold, ɗan ƙasar Suwizalan da ya zauna a Manchester ta Ingila, shi ya ƙirƙiro irin wadda ake amfani da ita yau a 1880. Bel mai haƙora bai shiga motocin kasuwa ba sai farkon shekarun 1960, a wata ƙaramar motar Jamus ta kamfanin Glas, daga baya Fiat da Pontiac suka bi sahu.

Lokacin da Peugeot ya fito da 504 a 1968 bai bi sabon yayin ba. Ya gaji tsarin injin 404: silinda huɗu, a kishingiɗe, kamshaf a jikin bulok kusa da karanshaf. Saboda kusancin nan sarƙar gajeriya ce, mai layi biyu, tana wanka cikin baƙin mai, ga tenshina da ƙarfin mai ke turawa don ɗaure ta. Ga kuma silif da ake zarewa a sa sabo, ba sai an jefar da bulok ba. Motar ta ci kambun gwarzuwar motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da ita. A wannan shekarar ce, zamanin Janar Yakubu Gowon, masana'antar Peugeot ta Najeriya, wato PAN, da aka kafa a 1972 ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'ai, sai ta zama ta kwamishina da sarki da direban tasha baki ɗaya.

A ƙasa irin ta masarautar Kazaure, mai duwatsu da hanyoyin burji, inda kayan gona ke fita daga Roni da Gwiwa a bayan a-kori-kura, wannan injin ya dace da hannun da ke gyara shi. Sarƙa ba ta mutuwar fuju'a. Tana fara ƙara da safe in an tayar da mota, ta yi makonni ko watanni tana gargaɗi, har direba ya tara kuɗi ya aika Ƙofar Ruwa a Kano a sayo masa kaya. Bakanike da sifana da kunne mai kyau ya isa. Ya kwance murfin gaba, ya daidaita alamomin da ke jikin sufuroket biyun, ya mayar.

Nan kuma kanikawan da suka ƙware suka bambanta da 'yan dagaji. Abin da ake kira miƙewar sarƙa, ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, 'yan sandunan da ke gaɓoɓinta ne ke cinyewa, tsawonta ya ƙaru. Tana ƙaruwa tana gwaguyar haƙoran sufuroket har su yi tsini su karkace. Wanda ya ɗora sabuwar sarƙa kan tsofaffin haƙora ya yi gyaran gangar auzinawa, domin nan da nan za su cinye ta. Ƙa'idar ita ce a canza sarƙa da sufuroket biyu da tenshina rana ɗaya. Masu cewa sarƙa ba ta da aibi kuma su tuna abin da ya faru a Amurka: daga shekarun 1960 manyan kamfanoninta sun riƙa lulluɓe haƙoran sufuroket na kamshaf da roba mai tauri don rage ƙara, robar ta tsufa ta farfashe, ɓarɓashinta ya toshe matatar famfon mai, injuna suka ƙone.

To, mu dawo ga gardamar. Hujjar samari ba ta rasa tushe. Bel ya fi sauƙin nauyi, ya fi shiru, ya fi araha wajen ƙerawa, kuma ya dace da injunan da aka ɗora kamshaf a samansu. Golf da Honda da Toyota da suka cika tashoshinmu sun fi 504 tattalin fetur, wannan ba musu. Shi kansa Peugeot ya koma bel, kuma 406 da aka harhaɗa a Kaduna da shi ta zo.

Amma ni ban yarda bel ne ya kai 504 ƙasa ba. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Motar da injinta ya gaza ba ta ƙara shekara ashirin a kasuwa. Abin da ya karya ta a teburin gwamnati aka yanke shi. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, kayan da ake shigowa da su daga Faransa suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta. Motocin kwatano suka kwararo ta tashar jiragen ruwan Kwatano da Legas. Sannan a 2003 gwamnati ta koma ba ma'aikata kuɗi a maimakon saya musu motoci, babban mai ciniki ya janye. Direban Kazaure bai zauna ya zaɓi bel ba, abin da aljihunsa ya kai gare shi ya saya.

Kuma ya saye shi da wata matsala da ba a faɗa masa ba. Bel ba ya gargaɗi, lissafi yake so: kamfanoni kan ce a canza shi bayan kilomita 60,000 zuwa 100,000, gwargwadon injin. Motar da ta ratso hannu uku ba takardar tarihi, ga zafi ga ƙura, wa ya san ranar da aka sa mata bel? Sau da yawa a bakin titi ake samun amsar.

Sauran labarin gajere ne. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe ta a 2012, daga baya haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya buɗe sabuwar masana'anta a Kaduna. A duniya kuwa Toyota da Honda sun koma sarƙa a yawancin injunansu masu silinda huɗu tun wajen 2000, shi ma Peugeot, bayan koke-koken da bel mai jiƙa cikin mai na injin PureTech ya jawo a Turai, ya koma sarƙa a sabon samfurinsa.

Saboda haka dattawan tashar sun fi kusa da gaskiya, da sharaɗi guda. Sarƙar yau ta fi ta 504 tsawo da siranta, kuma rayuwarta na hannun baƙin mai. Wanda ke zuba mata man juye ko ya wuce lokacin canji, ba sunan ƙarfe da zai cece shi. Wanda ya sayi mai bel kuma, ya canza shi kafin ya ɗauki fasinja na farko, ya rubuta kilomitar a inda zai gani kullum.