Dala Ɗaya: Tarihin Insulin da Rayuwar Masu Ciwon Sukari

Ciwon sukari daɗaɗɗen ciwo ne a tarihin ɗan Adam. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa tururuwa tana taruwa a kan fitsarin mai wannan ciwo, saboda zaƙinsa. Amma sanin alamar ciwo daban, sanin asalinsa daban. Sai a shekarar 1889 ne wasu masana biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, suka ga nan da nan karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka gane cewa wannan tsoka tana fid da wani sinadari, watau insulin, wanda ke shigar da sukarin da ke cikin jini zuwa sassan jiki. In babu shi, sai sukari ya taru a jini, mutum ya yi ta ci yana ramewa.

Ciwon iri biyu ne. Na farko, wanda ya fi kama yara, jiki ne yake daina yin insulin. Na biyu kuwa, wanda ya fi yawa, yakan zo wa manya, jikin yana yin sinadarin amma ba ya amfana da shi sosai. Kafin 1922, yaron da ya kamu da nau'i na farko da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Abin da likitoci suka iya kawai shi ne horon yunwa, wanda Dokta Frederick Allen na Amurka ya shahara da shi: a rage wa yaro abinci har ya zama fata da ƙashi, don a ƙara masa 'yan watanni a duniya.

A cikin watan Mayu na 1921, wani matashin likita mai suna Frederick Banting ya fara gwaji a kan karnuka a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, tare da wani ɗalibi, Charles Best, a ɗakin binciken Farfesa John Macleod. Can ƙarshen shekara James Collip ya zo ya taya su tace ruwan da suke tatsowa daga fankiriyas. Ran 11 ga Janairu 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko, ba ta yi wani amfani ba. Ran 23 ga watan aka sake yi masa da wanda Collip ya tace, sai sukarin jininsa ya sauka, ƙarfinsa ya soma dawowa. Ya rayu har 1935. Haka kuma Elizabeth Hughes, 'yar Sakataren Harkokin Wajen Amurka, an kawo ta Toronto a watan Agusta na 1922, nauyinta bai wuce kilo 20 ba. Ta warware, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi cancanta a yi nazarinsa. A watan Janairu na 1923, Banting da Best da Collip suka sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙin mallakar wannan magani a kan dala ɗaya kowannensu, don kada wani ya kankane shi ya yi ta cin riba. To, amma jami'a ba ta da ƙarfin samar da abin da zai ishi duniya. Saboda haka ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Eli Lilly na Amurka, wanda ya riƙa tattara fankiriyas na shanu da aladu daga mahauta. A ƙasar Danmak kuma, Farfesa August Krogh, wanda matarsa ke da ciwon, ya sami izinin yin maganin, aka kafa masana'antar Nordisk a 1923. Tun daga ran nan rayuwar majiyyaci ta rataya a wuyan 'yan kasuwa.

Ya kamata a lura cewa insulin ba ya warkar da ciwo. Abin da ya yi shi ne ya mai da gajeren ajali ya zama aikin yau da kullum. Majiyyacin wancan zamani yakan tafasa sirinjin gilashi, ya wasa allura a kan dutse, ya ɗumama fitsarinsa da wani ruwa mai launin shuɗi, ya duba ko zai koma kore ko ja, don ya san yawan sukarin. In allura ta yi yawa, sai jiri da gumi da makyarkyata su kama shi, har ya suma. In ta yi kaɗan, a hankali ciwon ya taɓa idanu da ƙoda da ƙafafu. Na'urorin auna jini a gida ba su bazu ba sai wajen 1980. Har ila yau, awon abinci da awon jini da allura ba su da ranar hutu.

Bincike kuwa bai tsaya ba. A 1955 Frederick Sanger na Ingila ya gano yadda aka jera ginin insulin. A 1978 masanan kamfanin Genentech suka sa ƙwayoyin bakteriya suka yi insulin irin na ɗan Adam, aka kuma fara sayar da shi a 1982 da sunan Humulin. Kowane sabon samfuri yakan zo da sabon haƙƙin mallaka, da sabon farashi. Da haka kamfanoni uku, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, suka mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar duniya. A Amurka, kwalbar Humalog da ake sayarwa dala 21 a 1996 ta kai kusan dala 275 a 2019, har wasu majiyyata suka riƙa tsimin allura, wasunsu suka rasa rayukansu. Sai a 2023, bayan an sha kokawa, kamfanonin suka sanar da rage farashi mai yawa.

A ƙasashe matalauta wahalar ta fi haka. Wani bincike da aka buga a 2005 ya ƙiyasta cewa yaron da ya kamu da nau'i na farko a ƙauyukan Mozambik ba ya cika shekara guda a raye, watau daidai da halin da ake ciki kafin 1922. A 2021, shekara 100 da gano maganin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wajen rabin masu nau'i na biyu da ke bukatar insulin ba sa samunsa. Bayan tsada akwai kuma zafi, domin maganin yana son sanyi, shi ya sa a ƙasashe irin su Sudan da Mali iyalai marasa firiji suke ajiye shi cikin tukunyar ƙasa mai ɗauke da ruwa.

Darasin wannan tarihi a fili yake. Mutum huɗu sun gano magani cikin watanni tara, amma ƙarni guda bai isa a kai shi ga duk mai bukata ba. Ragowar aikin yana hannun waɗanda ke tsara kasafin kuɗin lafiya, da masu sayo magunguna a madadin gwamnati, da masu kula da ɗakunan ajiya na asibitoci. Ranar da ɗayansu ya yi sakaci, akwai yaron da zai wayi gari kamar ba a taɓa yin wani bincike a Toronto ba.