Tama da Kanwa: Tsofaffin Hajojin Kano a Cikin Sabon Batiri

Tarihin baka na Kano ya nuna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suna cikin waɗanda suka fara zama a gindin Dutsen Dala, kuma neman tama ne ya kai su can. Masu binciken kufai sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Daga baya fatake suka riƙa shigo da kanwa daga Mangari, Muniyo da gaɓar Tafkin Chadi, suna sauke ta a kasuwannin ƙasar Kano domin miya, dabbobi da jima. Yau waɗannan abubuwa biyu, ƙarfe da sinadarin da ke cikin kanwa, sun shiga tsakiyar gasar ƙera batiri.

Batirin da ya fi daɗewa a hannun mutane shi ne na dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859. Shi ne a mota, shi ne kuma a gidaje da yawa masu sola. Yana da araha, amma zafi na rage masa kwana, kuma idan ya mutu sau da yawa hannun 'yan gwangwan yake faɗawa, su fasa shi su narka dalmar. Wanda ya tuna yara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake can daga dutsen zinariya gubar ta fito.

A 1991 kamfanin Sony ya fitar da batirin litiyom kasuwa. Matsalarsa ita ce kobal, ma'adini mai tsada da mafi yawansa daga Kwango ake haƙowa. A 1997 tawagar John Goodenough a Jami'ar Texas ta wallafa binciken da ya nuna za a iya maye gurbin kobal da ƙarfe da fosfet. Wannan batiri, LFP, bai kai na kobal ɗaukar caji ba, amma ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Ga gidan da ke Gaya ko Ajingi a watan Afrilu, wannan ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Sai kuma na sodiyom, wanda kamfanin CATL na Sin ya gabatar a 2021. Tushensa sodiyom kabonet ne, wato babban sinadarin kanwa. Sai dai kada a yi saurin murna: masana'antu da tataccen sinadari suke aiki, ba kanwar kasuwar Kurmi mai haɗe da ƙasa da gishiri ba. Nan ne gizo ke saƙar. Abagayawa da kansu suke narka tamarsu su ƙera fartanya, alhali litiyom ɗin da ake haƙa a Nasarawa, duk da masana'antar sarrafa shi da aka buɗe a 2024, waje ake kai shi a ƙera batirin.