Yadda Aka Bi Sawun Sankarar Ƙashi Zuwa Huhu

Akwai wata irin sankara wadda ke tsirowa a cikin ƙashi, galibi kusa da gwiwa, ta kuwa fi kama samari da 'yan mata masu tasowa. A da likitoci ba su da wata dabara sai yanke ƙafar. Duk da haka, cikin mutum 10 da aka yi wa aikin, wajen 8 cutar takan ɓullo musu a huhu, ta zama ajalinsu. To, me ya haɗa gwiwa da huhu?

Cikin shekarar 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bincika labarin mata 735 waɗanda sankarar mama ta kashe, ya ga cutar tana zaɓen inda take sauka. Sai ya kwatanta ta da iri: iska na watsa shi ko'ina, amma sai ƙasar da ta karɓe shi yake tsira. A 1928 James Ewing na Amurka ya musa, ya ce hanyar jini ce kurum. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce, gama jinin da ya taso daga ƙafa yakan bi ta zuciya ya shiga huhu, inda hanyoyinsa suka fi gashi siranta, ƙwayar sankara ta maƙale.

Ashe kowannensu da rabonsa na gaskiya. A 1970 Isaiah Fidler ya gwada da ɓeraye, ya tarar ƙwayoyin da suka shiga jini kusan duk mutuwa suke yi. Sa'an nan a 2004 Chand Khanna da abokan aikinsa suka nuna aikin wani sinadari mai suna ezrin, wanda ke ɗaure fatar ƙwaya da ginshiƙanta na ciki. Ƙwayar da ke da shi da yawa ita ke jure wahalar saukar farko a huhu, har ta kafu. Sun ga haka a ɓeraye, da karnuka, da yara marasa lafiya.

Watau tun kafin a yanke ƙafar, irin ya riga ya sauka, ido bai gan shi ba. Saboda haka tun wajen 1972 aka shiga ba da magunguna masu bin jini, irin su methotrexate da doxorubicin. Yanzu wajen 6 ko 7 cikin 10 suna rayuwa, in an tari cutar kafin ta bayyana a huhu. Waɗanda ta riga ta bayyana musu kuwa, har wa yau da wuya 3 cikin 10 su tsira.