Rabin Kujeru: Tarihin Jayayyar Wakilci a Majalisar Najeriya

A tsarin mulkin Clifford na 1922, mutum huɗu kacal ake zaɓa zuwa Majalisar Dokoki: uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Arewa ba ta cikin lissafi, Gwamnan mulkin mallaka ne ke yi mata doka. Sai a 1947, da tsarin Richards ya fara aiki, 'yan Arewa da 'yan Kudu suka zauna majalisa ɗaya.

Rigima ta fito fili a babban taron Ibadan na 1950. Wakilan Arewa suka ce tunda mafi yawan jama'a a wajensu suke, rabin kujerun majalisar tsakiya nasu ne. 'Yan Kudu suka ƙi, suna gudun kada yanki ɗaya ya danne sauran. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya ce in ba za a ba da rabin ba, to a koma yadda ake kafin haɗewar Arewa da Kudu ta 1914, Sarkin Katsina kuma ya mara masa baya. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68 cikin 136, Gabas da Yamma kowacce 34.

Arewa na da gaskiya a kan yawan jama'a. Amma wa ya hau kujerun? Zaɓen hawa-hawa aka yi: talaka ya zaɓi wakili a unguwa, wakilin ya zaɓi wani, har a kai matakin lardi, inda hukumar gargajiya ta En'e ke da ikon cusa nata mutanen. Jam'iyyar NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a Kano, amma ta tashi ba kujera ko ɗaya. Matan Arewa kuwa ba su samu ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan 'yan gwagwarmaya irin su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan wannan magana. Abin takaici ne a yi ta faɗa da sunan jama'a, alhali rabinsu an hana su ƙuri'a.

Da yake kujera na bin yawan mutane, ƙidaya ta zama fagen fama: an soke ta 1962, ta 1963 kuma ta bar baya da ƙura. Majalisar Dattawa ce aka kafa don kwantar da tsoron ƙananan yankuna. Shi ya sa a yau Kano ke da kujeru 24 cikin 360 na Majalisar Wakilai, Bayelsa 5, amma kowacce sanatocinta uku. A ɓangaren wakilcin mata kuwa, a Maris na 2022 majalisa ta yi watsi da ƙudurin ware musu kujeru na musamman.