Asalin Hatsin Bara

Idan Bahaushe ya ga abubuwa iri-iri sun taru wuri guda, babu zaɓi babu tsari, sai ya ce, "Wannan ai hatsin bara ne." To, ga inda maganar ta samo asali.

Tun zamanin da, garuruwan gabashin Sakkwato matattarar malamai ne da almajirai. Wurno ma ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Malamin allo kuwa ba shi da albashi, sai gonarsa da abin da jama'a suka ba shi sadaka. Saboda haka da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai almajirai su rataya jaka su bi ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo gida-gida, kamar yadda ake yi a sauran ƙasar Hausa.

A wannan gida uwargida ta ɗebo gero a ƙoƙo ta zuba wa yaro. A na gaba a ba shi dawa, ko kaura ko farfara. Wani ya ba da maiwa, wani wake, mutanen fadamar Rima kuma su ƙara da 'yar shinkafa. Jakar guda ce, mai bara kuwa ba ya cewa ga irin da yake so. Da la'asar in an juye a tabarma sai ka ga ja da fari da rawaya sun cakuɗe, ba mai iya rarrabe su. Haka matar malam za ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa tuwo.

Daga nan aka ari sunan. Littafin da ya kwaso tarihi da tatsuniya da magunguna ba babi, hatsin bara ne. Haka ma jam'iyyar da ta tara kowa da kowa ba manufa ɗaya. Amma kada a haɗa shi da dafa-duka, domin ita mai girki da gangan ta zaɓi shinkafa da mai da albasa.

Turawan Ingila su ma suna da tasu kalmar, hotchpotch, wadda suka aro daga Faransanci. Asalinta sunan wani romo ne na nama da ganyaye da ake girgizawa cikin tukunya guda.

Saboda haka, mai karatu, in an ce aikinka hatsin bara ne, ba yabonka aka yi ba. Ana nufin ka tara, amma ba ka tace ba.