Daga Kafe Zuwa Falonmu: Yadda Intanet Ta Shigo Barnawa

A farkon shekarun 2000, mu 'yan Barnawa in za mu duba sakamakon jarrabawa sai mun je kafe. Ka sayi tikitin awa ɗaya, rabi ya ƙare shafi bai buɗe ba. Yawancin kafe ta tauraron ɗan'adam suke jawo intanet, ga tsada, ga nawa.

GSM ya shigo a 2001. Daga baya aka kawo modem mai kama da filas, na soka shi a kwamfutar Babanmu. A 2010 kebul ɗin Main One ya iso Legas daga Fotugal ta ƙarƙashin teku, farashi ya fara sauka.

Yau rauta ce a falonmu. Amma wallahi da an ɗauke wuta, mun koma 2002.