Kantar Baya: Yadda Masu Karatu Suka Sauya Launin Labaran Soyayya a Amurka

A shekarar 1980 wani kamfanin ɗab'i na birnin New York mai suna Dell ya fitar da wani ɗan littafin soyayya, *Entwined Destinies*. Labarin da ke ciki ba baƙo ba ne: 'yar jarida ta je aiki Landan, ta haɗu da wani babban ma'aikacin kamfanin mai, aka yi ta ja-in-ja tsakanin so da fushi, daga bisani aka daidaita. Irinsa ɗaruruwa ake bugawa duk shekara. Abin da ya ware shi shi ne budurwar da saurayin duka baƙaƙen fata ne. Haka marubuciyar, Elsie Washington, wadda ta sa wa littafin sunan aro, Rosalind Welles. Haka kuma editar da ta karɓi rubutun, Vivian Stephens. Masu bin tarihin wannan fanni sukan lissafa shi a matsayin na farko irinsa da wani babban kamfani ya buga a jerin littattafansa na soyayya.

Me ya sa sai a 1980? Baƙaƙen matan Amurka sun daɗe suna sayen waɗannan littattafai, kuɗinsu kuma yana shiga aljihun kamfanonin kamar na kowa. Amsar tana cikin hoton mai karatu da masu ɗab'i suka zana a zukatansu, suka yi shekaru suna yi masa hidima. Tarihin shekaru arba'in da suka biyo baya, tarihi ne na yadda masu karatu na zahiri suka yi ta ƙaryata wannan hoto.

Mai karatun da aka ƙaddara

Kasuwar littattafan soyayya na Turanci ta ginu a kan kamfanoni biyu: Mills & Boon, wanda aka kafa a Landan a 1908, da Harlequin, wanda aka kafa a Kanada a 1949, ya kuma sayi na farkon a 1971. Sana'ar tana da sharuɗɗa biyu da ba a ketarewa. Dole soyayya ta zama ƙashin bayan labari, dole kuma a rufe da farin ciki. Ana buga littattafan jeri-jeri kowane wata, ana sayar da su a kantunan cefane, ana kuma aika wa masu biyan kuɗin wata ta gidan waya. Wanda ke buga kaya da yawa haka a farashi mai rahusa ba ya son caca. Don haka editoci suka tsayar da mace guda a ransu, farar fata, matar aure, mazauniyar bayan gari, suka ce da ita ake.

Ba wai babu baƙin fuska a cikin labaran ba. Akwai su, amma a matsayin kayan yaji. A 1919 wata Baturiyar Ingila, E. M. Hull, ta wallafa *The Sheik*, labarin wani shehin Larabawa da ya sace wata Baturiya a hamadar Aljeriya har ta kamu da sonsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, aka mai da shi fim a 1921. Sai dai kafin a rufe labarin, marubuciyar ta bayyana cewa shehin nan ba Balarabe ba ne, ubansa Baturen Ingila ne, uwarsa 'yar Sifen. Da haka aka kwantar wa mai karatu da hankali: ta sha daɗin rawani da raƙumi, ba a kuma haɗa jini ba. In aka tuna cewa sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin da suka haramta aure tsakanin fari da baƙi, waɗanda har lokacin ke aiki a jihohi 16, za a gane cewa ruwan nan bai yi tsami banza ba.

Vivian Stephens ta yi ƙoƙarin buɗe ƙofa daga ciki. Tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar marubuta labaran soyayya ta Amurka, RWA, a birnin Houston a 1980. Ta koma Harlequin, inda ta assasa jerin labaran da ke faruwa a cikin Amurka, kuma a wannan jeri ne *Adam and Eva* na Sandra Kitt ya fito a tsakiyar shekarun 1980. Amma ba ta daɗe a kujerar ba, ƙofar kuma ta koma ta rufe kusan shekara goma.

Ranar da kuɗi suka yi magana

Wanda ya sake buɗe ta ba edita ba ne. A 1992 Terry McMillan ta fitar da *Waiting to Exhale*, labarin wasu ƙawaye huɗu baƙaƙen fata, masu ilimi da aikin yi, da faɗi-tashinsu da maza. A ƙa'idar sana'ar ba littafin soyayya ba ne, amma ya yi watanni a jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar *New York Times*, mata kuma suka riƙa cika ɗakunan taro don ganin marubuciyar. Gani ya kori ji. Kamfanonin da suka daɗe suna cewa baƙaƙe ba sa sayen littafi suka wayi gari suna lissafin ribar da ta wuce su.

A 1994 kamfanin Kensington ya ƙaddamar da Arabesque, jerin farko daga babban kamfani da aka keɓe wa masoya baƙaƙen fata, a ƙarƙashin edita Monica Harris. A shekarar ce kuma Avon ya buga *Night Song* na Beverly Jenkins, wanda ke faruwa a wani garin baƙaƙe a jihar Kansas bayan yaƙin basasa. Jenkins ta zo da wata al'ada: a ƙarshen littafi takan jera littattafan tarihin da ta yi amfani da su. Masu karatunta da yawa a wurinta suka fara jin labarin garuruwan da 'yantattun bayi suka kafa, da sojojin dawaki baƙaƙe na yammacin ƙasar. A *Indigo*, na 1996, jarumar tsohuwar baiwa ce wadda shunin gonakin baba ya rine mata hannuwa har abada, tana kuma ɓoye bayin da suka gudo. Saurayin da ya so ta, da hannuwan nan ya so ta.

Martanin waɗannan masu karatu ya wuce sayen littafi. Sun kafa ƙungiyoyin karatu a gidaje da majami'u da wuraren gyaran gashi. A 1995 aka fara taron Romance Slam Jam a birnin Dallas, inda marubuta da masu karatu ke haɗuwa fuska da fuska. Abin da suka riƙa nanatawa shi ne sun gaji da ganin baƙar mace a littafi tana shan wahala kawai, ko tana reno a gidan wasu. Suna son su ga likita ko malama mai kama da su, wadda namiji mai mutunci zai bi yana rarrashi. Wanda bai taɓa rasa kansa a cikin labari ba zai iya ɗaukar wannan ƙaramin abu.

Kanta ta daban

Da nasara ta samu, sai aka raɗa wa kayan suna mai taushi, wai soyayyar al'adu daban-daban. Sunan ya tattara baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan Asiya a buhu guda, ya bar farar fata a waje, kamar su ba su da al'ada. Manyan shagunan littattafai kuma, irin su Borders, sukan ɗauke littafin soyayya da baƙar mace ta rubuta daga sashen soyayya, su kai shi sashen adabin baƙaƙen Amurka, kusa da tarihin bauta da na gwagwarmayar 'yanci.

A nan masu karatu suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Wasu suka ce kantar ta sauƙaƙe musu: mutum ya shiga shago, ya nufi wuri guda, ya ɗauki abin da yake so. Wasu, tare da yawancin marubutan, suka ce kantar kurkuku ce, domin mai neman labarin soyayya ba za ta taɓa bi ta can ba, cinikin marubuciya kuma ya tsaya a iyakar launin fatarta. Jerin Arabesque kansa ya yi ta sauya hannu: gidan talabijin na BET ya saye shi a 1998, Harlequin ya karɓa a 2005, ya gina Kimani a kansa. A 2017 Harlequin ya sanar da cewa zai rufe jerin soyayya na Kimani. Masu sukar kantar ba su yi murna ba, domin an rushe ɗakin baya ne ba tare da an tabbatar wa mazaunansa wuri a falo ba.

Akwai kuma martani na uku, wanda aka fi jin sa daga wasu fararen masu karatu da alƙalan gasa: wai ba sa iya sa kansu a matsayin jarumar. Beverly Jenkins da takwarorinta sun sha mayar da amsa cewa mai wannan magana tana karanta soyayyar mayu masu shan jini da ta mutanen da ke rikiɗa su zama kyarkeci ba tare da ta yi ƙorafi ba, sai a kan baƙar ma'aikaciyar banki ne tunaninta ya gaza. Su kuwa baƙaƙen mata sun shekara hamsin suna sa kansu a matsayin 'ya'yan sarakunan Ingila, ba wanda ya tambaye su ko sun iya.

Lissafi ya fito fili

Intanet ta sauya ma'aunin ƙarfi. Marubuciyar da kamfani ya ƙi tana iya buga littafinta da kanta a Amazon, mai karatu kuma tana iya faɗin ra'ayinta a Goodreads ko Twitter duniya ta ji. Wani shagon littattafan soyayya na yankin Los Angeles, The Ripped Bodice, ya fara ƙirga abin da manyan kamfanoni ke bugawa. A cikin kowane littafi 100 na 2016, kimanin 7.8 ne waɗanda ba farar fata ba suka rubuta. A 2017 adadin ya sauka zuwa 6.2.

A 2018, bayan an ga *An Extraordinary Union* na Alyssa Cole, wanda masu sharhi suka yaba ƙwarai, bai shiga ko zagayen ƙarshe na gasar RITA ba, ƙungiyar RWA ta amsa da bakinta cewa babu baƙar marubuciya ko ɗaya da ta taɓa cin wannan lambar yabo. Sai a 2019 Kennedy Ryan da M. Malone suka ci. A watan Disamba na shekarar ƙungiyar ta hukunta Courtney Milan, marubuciya mai jinin Sin, saboda ta soki yadda wani littafi na 1999 ya siffanta matan Sin. Mambobi suka yi ta ficewa, shugabanni suka yi murabus ɗaya bayan ɗaya, aka soke gasar 2020, aka sake mata suna Vivian don girmama matar da aka manta da ita. Tsugune ba ta ƙare ba: a 2021 aka ba wani littafi lambar, alhali jaruminsa soja ne da ya halarci kisan gillar da aka yi wa 'yan asalin ƙasar a Wounded Knee a 1890. Masu karatu suka yi caa, aka janye kyautar. A 2024 ƙungiyar ta je kotu ta bayyana cewa ta karye, bayan mambobinta sun ragu daga kusan 10,000 zuwa kimanin 2,000.

Bayan an shigo falo

Yayin da ƙungiyar ke durƙushewa, kasuwa ta riga ta yi gaba. A 2018 kaɗai an ga *The Wedding Date* na Jasmine Guillory, da *The Kiss Quotient* na Helen Hoang, da *Ayesha at Last* na Uzma Jalaluddin, wanda jarumarsa Musulma ce mai hijabi a Toronto. Waɗannan a gaban shago aka jera su. A ranar 25 ga Disamba 2020 Netflix ya saki *Bridgerton*, wanda kamfanin Shonda Rhimes ya ɗauko daga littattafan Julia Quinn, ya sa baƙin ɗan wasa a matsayin basaraken Ingila. Netflix ya ce gidaje miliyan 82 suka kalla a makonni huɗun farko.

Gardamar ba ta mutu ba, salo ta sauya. Yanzu tambayar da masu karatu ke yi ita ce: wa aka rubuta wa? Wasu na ganin *Bridgerton* ya shafa wa tarihi hoda, ya sa baƙar fata a fada ba tare da ya ce uffan a kan inda dukiyar fadar ta fito ba. Wasu suka ce tatsuniya ce, kowa kuma yana da haƙƙin tatsuniya. Masu karatu 'yan asalin Indiya ko Musulmi sukan koka da littafin da ke tsayawa yana fassara kowane abinci da kowace gaisuwa, alamar cewa da baƙo ake magana, ko wanda farin cikin jarumarsa bai cika sai ta tsere wa iyayenta da addininta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan suka ta 'yan gida ta fi ta da zafi, ta kuma fi ta amfani.

Mu ma wannan kasuwa ta taɓa mu. Littattafan Mills & Boon sun zaga makarantun kwana na 'yan mata a Nijeriya, kafin Macmillan ya fito da jerin Pacesetters a 1977 da jarumai 'yan Afirka. Marubutan Hausa kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, ba su jira izinin wani edita ba. Irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun kai rubutunsu kasuwa kai tsaye, aka laƙaba masa Adabin Kasuwar Kano don raini, masu karatu kuma suka ci gaba da saye. Abin da ya ɗauki matan Amurka shekaru suna roƙo a ƙofar kamfani, a nan an same shi ta hanyar maɗaba'ar unguwa.

Sai dai tambayar kanta ta daban tana nan a gabanmu da wata fuska. A cikin labaran soyayyarmu na yau, na takarda da na waya, sau nawa jaruma ke zama Banufiya ko Babarbariya, ko 'yar zangon Kumasi, ba tare da an mai da ƙabilarta abin dariya ko matsalar da za a warware ba? Sau nawa kyakkyawar labari ke zama baƙa wuluk, ba fara doguwa mai gashi har gadon baya ba? Masu karatun da ba sa ganin kansu suna nan, suna sayen data suna biyan kuɗin littafi, kamar yadda matan Detroit da Dallas suka yi ta saye kafin 1980.